Ƙofar Ɗakin Goggo

Ni ne ɗan farin uwata, ita kuma Bafulatana ce daga wata ruga a ƙasar Gwiwa. Wanda ya san mutanenmu ya riga ya gane sauran zancen. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana baki da baki. Kunyar ɗan fari ce, kuma kowace uwa a unguwarmu ta Kazaure tana yin ta daidai gwargwado, amma Inna ta ɗauke ta da zafi, har maƙwabta suna yi mata tsiya wai sai ka ce a kanta aka fara haihuwa. Ƙannena su hau cinyarta, su ja mata zane, ta zage su ta rarrashe su da sunayensu. Ni kuwa tun ina ƙarami abu ɗaya nake nema a duniya, in ji ta gaya mini magana, ni da kaina, ko da faɗa ne.

Da aka yaye ni sai aka miƙa ni ga Goggo, yayar mahaifina. Mijinta ya rasu a Roni, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo gidan ƙanenta da zama. Ɗakinta na ƙasa ne, yana kallon na Inna, tsakaninsu murhu da turmi da igiyar shanya. A ƙofar akwai wani tsohon asabari da ya sha ɗinki, wanda ta ƙi yarda a sake mata. A ɗakin nan na girma, kuma ta bakin ƙofar nan duk wata magana tsakanina da uwata take bi.

Ga yadda ake yi. Ina tsaye a tsakar gida, Inna tana kwashe tuwo, abin da ke tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba. Sai ta ɗaga kai wajen asabarin ta ce, "Goggo, tuwon ɗanki zai huce."

Goggo ta leƙo. "To, ka dai ji. Uwarka ta ce tun la'asar hankalinta yana kanka. Ta ce ka rame, ka zauna ka ci a hankali, ta zuba maka man shanu fiye da na kowa."

"Goggo, ina nan fa a tsaye. Ba haka ta ce ba."

"Kai ka san abin da ta ce? Ci tuwonka, sarkin musu."

Na taso da yaƙinin Goggo mai ƙarin gishiri ce, tausayina take ji shi ya sa take ƙago mini zance mai daɗi ta jingina wa Inna. Kuma ina da hujja. Wata rana ina firamare na faɗo daga kan dutsen bayan gari, inda muke bin ƙadangaru da danƙo, hannuna ya karye. Aka shigo da ni gida ina ihu. Goggo ta ɗora hannu a ka, ta fita ko mayafi babu, neman mai ɗori. Inna tana sheƙar gero a gefen rumbu. Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da sheƙarta, ni kuma ina kallon bayanta ta cikin hawaye. Hannun ya warke kafin kaka, amma bayan nan nata na daɗe ina ganinsa duk lokacin da raina ya ɓaci.

Lokacin da na shiga jami'a kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa, gwamnati tana ɗauke wa ɗalibi komai har sabulun wanki. Baba ma'aikacin En'e ne, burinsa in karanta shari'a. Ni kuma na zaɓi Faransanci, don kawai ina jin haushin rediyon Nijar da ke shigowa gidanmu tar, yana ta surutu ban san me yake cewa ba. Ni mutum ne da ba ya son a yi magana a gabansa a bar shi a duhu. Baba ya ce in dai wannan ne, ai da na je Babura na zauna a tasha an koya mini kyauta.

Ƙa'idar sashenmu ita ce kowane ɗalibi ya yi shekara guda a ƙasar da ake Faransanci, yana aiki a wata ma'aikata, kafin ya dawo ya kammala. Masu sa'a aka tura su Faransa. Ni aka ce Yamai, wani ofishin fassara. Na ji haushi, amma ban fasa ɗinka wando mai faɗin ƙafa ba, na tara suma, na sayi takalmi mai tudun dunduniya irin na samarin lokacin. Goggo ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni ko ambaliya ake yi a Yamai ɗin da zan tafi a kan turame.

Ranar tafiya da hantsi na durƙusa a tsakar gida yin sallama. Inna tana daka. Ba ta tsaya ba, ta ce, "Goggo, a gaya wa matafiyi ruwan can ba irin na nan ba ne."

Goggo ta gyara murya za ta fara, na tari numfashinta. "Goggo, don Allah yau ɗaya dai ki bari. Shekara fa zan yi. Ki bar ta ta faɗa da bakinta."

Taɓaryar ta tsaya a sama. Na ce a zuci yau ce ranar. Sai ta sauko cikin turmi, dakan ya ci gaba kamar da. Goggo ta kama hannuna ta raka ni har soro, tana dariya tana sa mini albarka, ta ce in na koyo yaren Nasara in dawo in karɓe ta aiki, ita ta gaji. Na shiga motar Katsina, daga can Maraɗi, daga can Yamai.

Shugaban ofishin da aka kai ni Bazabarme ne, dogo, ya yi karatu a Dakar da Faris, ba ya rabuwa da kwat ko ana zafin da kwalta ke narkewa. Ranar farko ya zaunar da ni ya karanta mini doka.

"Tafinta ba shi da bakin kansa," in ji shi. "In mai magana ya ce ni, kai ma ka ce ni. Ba na son jin ya ce, ta ce. Ba ka ƙarawa, ba ka ragewa, ba ka gyara wa kowa hali."

Wallahi na ji daɗin dokar nan har cikin raina. Na ce a zuci, da Goggo aka kawo ofishin nan, kafin azahar an sallame ta.

Aikin yau da kullum ba wani abin ba da labari ba ne. Sanarwar rigakafin shanu, gargaɗi kan ruwan rijiya, jawabin wani babba da za a karanta a rediyo, mu juya su daga Faransanci zuwa Hausa, shugaba ya bi da jan biro ya yi musu kaca-kaca. Abokan aikina suna dariyar Faransancina wai na littafi ne, ni kuma ina dariyar Hausarsu, a tashi a je a sha shayi tare. Da yamma in tafi bakin kogi in zauna ina kallon masu jirgin kwale-kwale. Kewar gida tana cina, amma girman kai ba ya bari in faɗa wa kowa.

Abin da ke haɗa ni da gida wani Alhaji ne ɗan Babura, abokin Baba, falken fata da kiraga, wanda kan zo Yamai lokaci-lokaci. In zai taso sai ya biya ta Kazaure ya ɗauko mini saƙo. Kullum kayan iri ɗaya ne, kwalbar man shanu soyayye da ƙullin dakuwa, sai kuma saƙon baka daga Goggo. Alhaji mutum ne mai ban dariya. Ba ya faɗin saƙon haka kawai, sai ya tsuke baki ya karkace kai ya ɗauko muryar Goggo sak. "Ka ce wa sarkin musu uwarsa ta ce ya riƙa rufe ƙirjinsa, ta ce kada ya ci abincin titi, ta ce ta yi mafarkinsa." In yi dariya har da hawaye, in ce, "Alhaji, wannan duk Goggo ce. Inna in ta yi yawa ta ce a gaida matafiyi."

Shekarun fari ne. Can arewa shanu sun ƙare, makiyaya suka gangaro da ƙafa suka yi sansani a bayan gari, rumfunan tabarma da na buhu iya ganinka. Wata ƙungiyar agaji ta kafa tantunan jinya, ta aiko ofishinmu neman tafinta mai jin Fillanci. Nawa Fillancin na hutun makaranta ne, wanda na tsinta a rugar kakannina, amma a ofishin babu wanda ya fi ni, sai aka tura ni. Aka haɗa ni da wata likita Bafaranshiya, siririya, mai saurin magana da saurin fushi, wadda ba ta san gajiya ba. Halinmu ya zo ɗaya, shi ya sa ba ma wuni ba mu yi cacar baki ba.

Wata safiya mata biyu suka kawo wata yarinya da ba ta daɗe da yaye ba, gudawa ta tsotse ta, idanunta sun faɗa. Babbar ce ke ɗauke da ita, tana kuka tana bayani. Ƙaramar tana daga baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana kallon gefe. Dokar tantin ita ce mutum ɗaya ke zama da mara lafiya, kuma likita ta fi son uwa. Ta ce in tambaya wace ce uwar. Babbar ta nuna ƙaramar da haɓa. Likita ta juya gare ta, ke ce uwarta? Yaya sunanta? Tun yaushe take haka?

Matar ta dubi ƙasa. Can ta ce a hankali, "'Yar wannan ce."

Na fassara kamar yadda aka koya mini, ban ƙara ba, ban rage ba. Likita ta hau sama. Wannan ta nuna waccan, waccan ta nuna wannan, yarinya tana mutuwa a hannunsu. Wace irin uwa ce ba ta san sunan 'yarta ba? Nan take na ji kaina ya ɗau zafi, dokar ofis ta fice mini. Na gaya mata da Faransanci mai kaushi cewa yarinyar 'yar fari ce, babbar nan goggonta ce, kuma a wurin mutanenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne a gaban jama'a, balle a gaban dangin miji. Na ce ba rashin so ba ne. Ina faɗin haka na ji muryata ta yi wani iri, don ban taɓa tsaya wa al'adar nan a gaban kowa ba, ni da na tashi ina ƙinta.

Likitar mai gaskiya ce. Ta ba da haƙuri, ta ce to uwar ta shigo. Uwar ta girgiza kai. Dangin mijinta suna zazzaune a bakin tantin, ba za ta iya ba. Goggon ce ta shiga da yarinyar.

Gadon da aka kwantar da ita yana can ƙarshe, manne da jikin tanti. Ni kuma bencina yana kusa, don likita ta riƙa samuna. Rana ta take sai na fara jin murya ƙasa-ƙasa daga bayan tantin. Ashe uwar ce ta zagaya, ta lalubo daidai inda gadon yake, ta zauna a cikin rana. Ba da yarinyar take magana ba, da goggon take.

"Yaya, ki juya ta hagu, ta nan take iya barci."

Can an jima, "Yaya, ba ta shan ruwa sai ta ga kin fara kurɓa."

Can kuma, "Yaya, ki riƙe mata babban yatsan ƙafa. Tana son haka."

Goggon takan sunkuya kunnen yarinyar ta ce, innarki ta ce ki sha, innarki tana nan. Haka aka wuni. Washegari da na zo aiki muryar tana nan inda na bar ta, sai dai ta dushe.

Kafin la'asar yarinyar ta cika. Goggon ta kurma ihu ta faɗi. Uwar ta zagayo ta tsaya a bakin tantin, idonta a bushe, mayafinta a gyare. Ta dubi goggon ta ce, "Yaya, Allah ya ba ki haƙuri."

Likita, wadda ita ma hawaye take, ta ce da ni me ta ce? Na buɗe baki na kasa ɗaukar maganar nan in sa a bakina. Da ƙyar na ce tana yi wa goggon ta'aziyya ne. Na fice na zagaya bayan tantin don kada a ga fuskata. Inda matar ta zauna ƙasa ce mai tauri, fari ya gasa ta. Na tarar da ramuka biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda aka haƙa da yatsu, zurfinsu ya kai a binne hannu har wuyansa, ga jini a gefensu. Na zauna a wurin na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Ba yarinyar kaɗai nake yi wa ba. Bayan wata mata nake gani tana sheƙar gero.

Daga ranar na ƙagu Alhaji ya zo. Na shirya saƙona tsaf, na yi ta bitarsa. Zan ce ya ce wa Goggo ta ce wa Inna, ruwan nan ba irin na can ba ne, gaskiyarta. Shi ke nan, na san za ta gane.

Ya zo ana tsakiyar zafi. Na same shi a masaukinsa na kasuwa, muka gaisa, ya miƙo mini kwalbar man shanu da ƙullin dakuwa. Na zauna ina jira ya tsuke baki ya karkace kai. Bai yi ba. Ya kama zancen farashin fata, ya koma zancen hanya.

Na ce, "Alhaji, ina saƙon bakin?"

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ɗana, babanka ya ce kada a gaya maka sai ka gama. Ni kuma ban iya kwaikwayon muryar mamaci ba. Goggonka Allah ya yi mata cikawa. Zazzaɓi ne, bai ja ta ba. Har an yi sadakar arba'in."

Na yi salati, na yi mata addu'a, bakina ne kawai ke motsi. Da na dawo hayyacina sai na ga kwalbar tana hannuna. Na ce, "To wannan fa, wa ya aiko?"

"Wadda ta saba aikowa mana. Goggonka 'yar birni, yaushe ta taɓa kaɗa nono? Ita dai takan miƙo mini a soro. Wannan karon na tarar an ajiye an rufe da faifai, ba kowa a wurin."

Na so in kama hanya a ranar. Alhaji ya ce umarnin Baba ne in tsaya in kammala, wadda zan je dominta ta riga ta kwanta. Na tsaya. Watannin da suka rage na yi su kamar wanda ake ja da igiya. Shugaba ya rubuta mini shaida mai kyau, ya ce na iya ɓoye kaina a cikin maganar wani, kuma shi ne aikin.

Na iso Kazaure damina ta sauka, duwatsu sun yi kore. Baba ya karɓe ni a soro, muka yi wa juna gaisuwa. Na shiga ciki na durƙusa a bakin madafi na gaida Inna. Ta amsa wa tukunya. Na daɗe a durƙushe, mu biyun muna jiran muryar da za ta fito daga bayan asabari ta cike wurin. Da shirun ya yi yawa na tashi.

A ɗakin Goggo aka sauke ni. Gadonta na nan, da tasoshinta a jere, da ƙanshin turarenta da bai gama fita ba. Ƙanwata mai bi mini ta ɗauki aikin kai saƙo, kuma ita tafinta ce irin wadda shugabanmu yake so. Inna ta ce tuwo zai huce, ita ma ta zo ta ce tuwo zai huce, ta juya. Sai a lokacin na san abin da na rasa. Ina cikin gidanmu, uwata tana tsallaken tsakar gida, amma ta fi mini nisa a kan lokacin da nake Yamai.

Wata rana da hantsi gidan ya zama ba kowa. Baba yana ofis, yara suna makaranta, ƙanwata ta tafi suna a maƙwabta. Ina zaune a gadon Goggo da littafi a hannu, ba karantawa nake ba. Sai na ji tafiya, na ga inuwa ta cikin asabari, na ji an ajiye ƙwarya. Na jira in ji tafiyar ta koma. Ba ta koma ba. Inna ta zauna ta jingina da bango a gefen ƙofa, na ji ta fara tsintar wake a faifai. Ta san ina ciki, turamen takalmana suna gabanta.

"Goggo," in ji ta.

Na rufe littafin a hankali.

"Goggo, ɗanki ya dawo. Kin tafi ba ki gan shi ba. Ya rame, wuyansa duk ya fito, ban san me suke ba shi a can ba. Tun da ya tafi in na ji mota ta tsaya a bakin titi sai in rasa abin da nake yi. Ke kin sani, ke nake gaya wa."

Wake yana ta sauka a faifai. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba. Ashe muryarta tana da ɗan rawa a ƙarshen zance, irin ta mutanen ruga.

"Ranar da zai tafi ya ce in faɗa da bakina. Na buɗe bakin, Goggo, Allah ne shaidata, abin ya ƙi fita. Haka aka yi ni. Haka uwata ta yi da yayanmu har ta binne shi. Na san yana riƙe da ni tun ranar da ya faɗo daga dutse. Kin tuna kin dawo da mai ɗori kin tarar na sheƙe geron duka a ƙasa, tsaba da ƙaiƙayi, kaji suna ci ban sani ba? Ke kika rufa mini asiri wurin maigida."

Sannan ta ce, "Ke kike gaya masa. Yanzu wa zai gaya masa?"

Duk shekarun nan ina zargin Goggo da ƙari, ashe ragewa take yi, tana ba ni daidai abin da yaro zai iya ɗauka. Na so in yaye asabarin nan in ce Inna, ga ni, na ji da kunnena. Amma na san ta. In na ɗaga shi za ta tashi ta shige madafi, kuma ba za ta sake zama a wurin ba har abada. Shekara guda ana koya mini in ce ni. Na gyara murya na ce, "Ya ji."

Tsintar waken ta tsaya.

"Ya ce ruwan can ba irin na nan ba ne, gaskiyarki. Ya ce man shanu yana isa gare shi, kowanne ya isa. Ya ce hannun ya warke tuntuni, ko da sanyi ba ya yi masa ciwo. Ya ce..."

A nan muryata ta ƙare. Na ji ta fyace hanci da gefen zane. Muka zauna haka, ita a waje ni a ciki, tsohon asabari a tsakaninmu. Can ta ce, "To. Ki ce masa furarsa tana nan, kada ƙuda ya faɗa." Ta ɗauki faifanta ta tafi.

Kafin hutun ya ƙare mun sake yin haka, duk ranar da gida ya zama ba kowa. Ba wani babban zance ba ne. Ta gaya wa Goggo saniyar kawuna ta haihu, ni kuma in ce ya ce a Yamai har raƙuma suna hawa gada. Sau ɗaya ma na ji ta yi dariya. Ban taɓa jin daɗin wata damina kamar wannan ba.

Na koma jami'a shekarar ƙarshe. A ranin nan aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa a Kazaure ya kama gini. Baba ya sa aka rushe ɗakin Goggo, aka tayar da na bulo da rufin kwano da ƙofar ƙarfe koriya, don ɗansa mai digiri ya samu wurin da ya dace da shi. Don ƙauna ya yi. Da na dawo shi da kansa ya kai ni ya buɗe mini, yana murmushi, yana ƙwanƙwasa bangon in ji ƙarfinsa. Na durƙusa na yi godiya. Na tambayi ƙanwata asabarin, ta ce ai ya ruɓe, an hura wuta da shi.

Na zauna a sabon ɗakin safiya bayan safiya, na bar ƙofar a buɗe, na ajiye takalma a waje. Inna takan zo ta ajiye fura ta juya. Ba ɗakin Goggo ba ne, ba ta da wadda za ta kira a wurin. Na yi fushi da bulo, na yi fushi da kuɗin mai, na rasa wanda zan kama da laifi.

Daga nan aiki ya ɗauke ni. Na yi rayuwata ina tafinta a manyan zaurukan taro, na ce ni a madadin mutanen da ban taɓa gani ba, wasu ma ban yarda da ko kalma ɗaya ta bakinsu ba. Da na haifi ɗan farina na riƙa ƙwala masa kira da sunansa a tsakar gida, har surukaina suna cewa boko ya cinye mini kunya. Inna ta yi tsawon rai. Ina zuwa gida, ina durƙusawa, tana amsa wa tukunya.

Ciwonta na ƙarshe a gida ta yi shi. Aka kira ni na taho, na kwana a hanya. Na same ta da yamma a kwance, ƙannena sun kewaye ta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu tana sa musu albarka. Ni na zauna a wajen ƙafafunta, furfura a kaina, ina jira kamar yaron nan na tsakar gida. Ta rufe ido. Na sa hannu na riƙe ƙafarta, ba ta janye ba.

"Goggo," in ji ta.

Ƙanwata ta fashe da kuka, ta ce ta fara ganin waɗanda suka riga mu, ta matso tana laƙƙana mata kalmar shahada.

"Goggo, ya ci abinci kuwa?"

Rabona da abinci tun jiya da safe. Na sunkuya na ce, "Ya ci. Ya ce ya ƙoshi, ya ce man shanun ya ji."

Ta ce, "To, madalla." Ba ta sake magana ba.